Yadda Ɗantani Ya Ɗaure Motar Baffa Mudi

A Bebeji, idan ka kuskura ka ce agogonka ya tsaya a gaban Ɗantani, kafin ka rufe baki ya kwance shi. 'Yan watanni kawai ya yi a Kano yana wanke ƙusoshi da kananzir a garejin wani mutum, amma tun da ya dawo gida babu injin da bai taɓa gyarawa ba a bakinsa, har da na jirgin sama. Mutane sun san halinsa suna kuma haƙuri da shi, don yana da fara'a, ba shi da rowa, kuma in ya ɓata maka abu zai zauna ya yi maka bayanin yadda abin ya ɓata kansa har ka ji kamar kai ne da laifi.

Mutum ɗaya ce bakinsa ke mutuwa a gabanta, Furera 'yar Jauro Umaru na Ba'awa, wadda ke kawo nono kasuwa tare da gwaggonta. Son gaskiya yake mata, ita ma ba ta ƙi shi ba. Matsalar ita ce uban. Jauro Umaru mutum ne mai shanu da gona, maganarsa kaɗan ce, kuma ya sha sallamar manema da "Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Saboda haka da aka sa ranar da manya za su je neman auren, Ɗantani ya san in aka dawo hannu rabbana, an dawo ke nan.

Manyan su biyu ne. Akwai Malam Khalil, malamin unguwa, siriri mai farin gemu, sai kuma Baffa Mudi, ƙanin mahaifin Ɗantani, mai tumbi da ciwon gwiwa da tsohuwar Fijo fo-o-fo. Motar nan a Riruwai ya saye ta hannun wani injiniyan kuza, lokacin da aikin haƙa ya fara ja da baya. Babu abin da ba a canza ba a jikinta, ban da gilashin baya. Wannan da shi ta zo daga ƙasar da aka ƙera ta, kuma Baffa da kansa yake goge shi kowace safiya da wani tsohon rawani.

Ana gobe tafiya Ɗantani ya sauka daga motar Kano da wani baƙin abu a kansa, faffaɗa, mai hawa-hawa kamar matakala.

"Wannan kuma fa?" in ji Baffa.

"Luba ce, Baffa. A gilashin baya ake ɗora ta. Rana ba ta taɓa ƙeyarka, na waje ba ya ganinka, kai kana ganinsa. Yanzu babu babban mutumin da ke shiga gari gilashinsa tsirara."

"Shekara da shekaru motata tana shiga gari tsirara, wa ya kore ta?"

"Ba a kore ta ba, amma ba a miƙe mata tsaye ba. Gobe so nake Jauro ya hango mu daga nesa ya ce a ƙaro tabarma."

Baffa ya juya abin sama da ƙasa. "Ina maƙalanta?"

"Maƙalai na waɗanda ba su iya aiki ba ne."

Gaskiyar magana ita ce lubar ta wata mota ce daban, ta fi gilashin faɗi, mai kayan ma don ya rabu da ita ya bayar. Baffa dai ya yarda, don yana son yaron, amma ya kafa sharaɗi: ba ƙusa, ba huji, ba guduma kusa da gilashinsa.

Ɗantani ya ari tukunya wurin Turai, maƙwabciyarsu mai tuyar waina a ƙofar gida, ya dafa ƙaro, ya haɗa da sholishon facin taya, ya ƙara sukari wai don ya ƙara danƙo. Ya shafe gefen gilashi, ya manna luba, ya ja da baya yana kaɗa kai.

"Ko guguwa ta zo sai dai ta ɗauki motar gaba ɗaya," ya gaya wa masu kallo.

Guguwa ba ta zo ba. Da gari ya waye aka tarar luba ta sulalo ta kwanta a kan but ɗin motar, tururuwa sun yi layi har bakin titi, akuyar Turai kuma ta hau bamba tana lasar gilashin Baffa kamar an aike ta.

"Ɗantani, guguwarka tana da ƙaho," in ji Turai tana juya waina.

"Raɓa ce ta sauka, Inna Turai. A Kano ba a irin wannan raɓar."

"To tukunyata fa? Ita ma raɓar ce ta ƙone gindinta?"

Sai ga manya sun fito cikin manyan riguna. An ɗora huhun goro da kwalin alewa a kujerar gaba. Baffa da Malam suka shige baya suka kame, Baffa ya ce a bar zancen luba a tafi.

"Yanzun nan, Baffa. Dabara ta biyu ita ce ta ainihi, ta farko gwaji ne."

Ya yanko roba daga tsohon tib ɗin tayar mota, ya ɗaura bakinta a bamba, ya zagayo ta kan luba, ya taka taya da ƙafa ɗaya yana ja. Robar ta miƙe, ta ƙara miƙewa, ta yi siririya. Yara da manya suka ja da baya, don kowa ya ga abin da ke tafe in ban da gwanin. Da ta tsinke, sai da ta tsula masa a kunne tukuna, sannan ta cilla luba sama. Lubar ta juya a iska ta sauka a kan tandar Turai, waina ta watse, kaji suka samu walima.

Turai ta miƙe da ludayin ƙullu a hannu. "Jiya tukunya, yau tanda. Gobe in kana so sai ka zo ka kwance ɗakin."

"Inna, robar yanzu ce ba ta da inganci."

"Allah ya ba Furera haƙuri, in ma an ba ka ita."

Wannan maganar ta soke shi, amma kafin ya nemo amsa sai ga Ubale mahauci ya taho daga mayanka da ɗanyar fatar sa a kafaɗa, ja ce mai fararen ɗigo, har tana ɗigar da ruwa. Idon Ɗantani ya yi haske.

"Baffa, da me ake rufe ganga?"

"Ni makaɗi ne?"

"Da ɗanyar fata. Ka ɗaura ta tana jiƙe, in ta bushe ita da kanta take matsewa. Haka ake ɗaure ƙotar gatari ta fi ƙarfin shekara. Su masu ƙera motar ba su da shanu irin namu, shi ya sa suke wahala da maƙalai."

Ya karɓi fatar, ya ari wuƙar Ubale, ya yanyanka ta dogaye-dogaye. Ya ce manya su sauke gilasan gefe. Ya zura tsiri ta tagar Baffa, ya bi da shi ta bayan ƙeyarsu, ya fitar ta tagar Malam, ya zagayo ta kan luba, ya ƙulle. Ya sake yin haka, ya kuma sakewa, har lubar ta zauna daram. Jelar san ma bai yar ba, ya rataye ta a tsakiya don ado.

A wannan karon dai abu ya tsaya. Ɗantani ya girgiza luba a gaban jama'a, ko motsi ba ta yi ba. Ya dubi Turai, Turai ta dubi tandarta.

"Ɗantani," in ji Malam Khalil daga ciki, a hankali, "warin fa?"

"Iskar hanya za ta kwashe shi, Malam."

Suka kama hanya, Ɗantani a sitiyari. Lokacin bazara ne, rana tun da hantsi take dukan mutum kamar da gayya. Iskar hanya ba ta kwashe wari ba, cikin mota ta riƙa tura shi. Kafin su bar gonakin Bebeji ƙudaje sun cika bayan motar, irin manyan nan koraye masu ƙugi. Malam ya rufe hanci da bakin rawani yana salati. Baffa yana kore ƙuda da hula yana tsine wa Kano da abin da ke fitowa daga cikinta.

A ƙauyen farko karnuka suka biyo su. Fijo ba ta da gudun da za ta tsere wa kare, don haka suka raka ta har ƙauye na gaba, suka miƙa ta ga karnukan can. Wani mai Besfa ya zo wucewa, ya rage gudu, ya cire hula.

"Allah ya jiƙan musulmi. Ina za a kai shi?"

"Neman aure za mu," in ji Baffa a fusace.

Mai Besfa ya mayar da hularsa ya ƙara wuta.

Dab da Kiru lagireto ya tafasa. Ɗantani ya tsaya a fili inda babu ko inuwar kara, ya ɗauki galan ya tafi neman rijiya. Ya daɗe. Manya suka ce bari su fita su sha iska. Baffa ya murɗa hannun ƙofa ya tura, ƙofa ta ƙi. Malam ya tura tasa, ita ma ta ƙi. Sai a lokacin suka lura cewa tsirin fatar da aka zura ta tagogi ya haɗa ƙofofin da jikin mota ya ɗaure su tamau.

Baffa ya yunƙura zai haura kujerar gaba, tumbi ya maƙale tsakanin kujera da rufi, sai da Malam ya kamo ƙafafunsa ya jawo shi baya. Malam kuwa da zai iya wucewa, amma ya ce shi ba zai tsallake goron aure da takalmi ba. Suka zauna suna gumi. Ungulu ɗaya ta sauka a kan rufi, ta yi tattaki, 'yan uwanta suka biyo ta.

Da Ɗantani ya dawo da ruwa, Baffa bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratarwa.

"Zo nan, ɗan yayana. Nemo wuƙa ka yanke abin nan."

"Baffa, don Allah. Saura ƙiris mu isa. In aka yanke yanzu, duk wahalar da kuka sha ta tashi a banza. Ƙullin zarge ne, ja ɗaya zan yi ya warware. Kafin mutanen Jauro su miƙe kun fito."

"Ka tabbata?"

"Ni na ƙulla shi."

Malam ya ce ai abin da ke ba shi tsoro ke nan, amma an riga an tayar da mota.

Daga nan fatar ta fara aikin da aka ɗauke ta ta yi. Rana ta busar da ita, ta shiga matsewa. Tsirin da ke bayan ƙeyarsu ya miƙe kamar tsirkiya, ya ture hular Baffa, ya saɓule rawanin Malam gefe guda. Luba ta fara kuka ƙi-ƙi-ƙi, gilashi yana amsa mata ƙasa-ƙasa.

"Me ke ƙara?" in ji Baffa.

"Zama take yi, Baffa. Haka mai kyau take yi."

A Ba'awa an shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa a ƙofar gidan Jauro. Dattawan gidan suna zaune, mata suna leƙe ta saman zana. Bisa al'ada mai neman aure ba ya tsayawa a wurin, don haka shirin shi ne Ɗantani ya sauke manya ya ja mota ya ɓuya bayan gari har a gama. Abin da mutanen Ba'awa suka gani kuwa shi ne tsohuwar mota tafe a hankali, karnuka a baya, ungulaye a sama, jelar sa tana reto, dattawa biyu a ciki ba hula ba rawanin kirki.

Jauro Umaru ya miƙe, dogo ne, da sandarsa a kafaɗa. Ya matso, ya ɗan tsaya da warin ya tare shi, sannan ya daure ya ƙaraso.

"Sannunku da zuwa. Bismillah, ga tabarma."

"Muna tafe," in ji Baffa ta taga.

Ɗantani ya fito yana sunkuyar da kai, ya durƙusa ya gaida surukinsa a gurguje, ya zagaya baya ya ja bakin zarge. Ƙullin ya bushe ya koma kamar dutse. Ya ja da hannu biyu. Ya sa haƙori. Ya ɗauko filaya, filaya ta zame ta cije masa yatsa. Gaisuwa kuwa ba ta jira, don haka aka yi ta ta taga: ina gajiya, ina iyali, yaya shanu, yaya zafi. Malam ya amsa ta zafin da cewa sun gan shi.

Jauro ya juya ya ce wa wani ƙaninsa, "Kawo wuƙa."

Da Ɗantani ya yi shiru a nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma ya hango gyalen Furera a saman zana, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"A'a, Baba, ba sai an yanka ba. Wannan aiki ne na lissafi. Fata da ruwa ta zo, da ruwa za ta tafi. A taimake ni da ruwa mai sanyi, ku ga yadda za ta saki da kanta."

Aka ɗebo masa daga randar da ke cikin inuwa, mai sanyi har ƙwaryar tana raɓa. Ya ce jama'a su matso su gani. Ya ɗaga ƙwaryar ya sheƙa ruwan a kan gilashin da ya wuni yana shan rana, fata kuma tana matse shi ta ko'ina.

Ƙara ɗaya aka ji, tas. Gilashin ya yi fari fat, ya tsaya haka kamar yana tunani, sannan ya zube cikin mota kamar tsakuwa. Luba ta lanƙwashe ta faɗa ciki ta zauna a wuyan manya. Ungulaye suka tashi, karnuka suka watse, matan bayan zana suka kasa riƙe dariya.

Aka yanke fatar da ƙyar, wuƙar ma sai da aka sake wasa ta. Baffa ya fito yana karkaɗe riga. Bai dubi kowa ba. Ya tsuguna da ciwon gwiwarsa, ya tsinci ɗan guntun gilashi, ya goge shi da bakin riga yana kallo. Duk wanda ya ga fuskarsa ya daina dariya, don abin ya ci masa rai ƙwarai.

Aka dai zauna a tabarma, aka kawo fura, ba wanda ya iya sha. Ɗantani ya raɓe jikin mota, ya rasa hanyar ɓuya.

"Alhaji Mudi," in ji Jauro, "muna sauraro."

"Jauro, na taso daga gida da magana mai daɗi a bakina, ta zube a hanya. Mun zo nema wa yaron nan auren Furera. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, yana salla. Sauran halinsa kuwa ba sai na faɗa ba, ka gani da idonka."

Jauro ya yi murmushi a karon farko. Ya yafito Ɗantani, Ɗantani ya matso ya durƙusa nesa da tabarma.

"Yaro, ni ma na taɓa ɓarna ina saurayi. Ɓarna ba ta hana aure. Abu ɗaya nake so in ji, don mace ba ta jin daɗin zama da mutumin da bai taɓa kuskure ba. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ba ka iya aikin nan ba, mu shafa fatiha."

Malam Khalil ya ɗaga masa gira. Baffa ya zuba masa ido. Ɗantani, gumi na bin gemunsa, ya buɗe baki ya rufe, kamar an ce ya haɗiye garwashi.

"Ban... ban iya ba."

Dattawa suka sauke ajiyar zuciya. Malam ya gyara rawani ya ɗaga hannuwa, kowa ya ɗaga nasa. Wata tsohuwa a bayan zana har ta fara gyaran murya za ta rangaɗa guɗa.

"Sai dai fa," in ji Ɗantani, "a faɗi gaskiya, fatar ma ba ta kirki ba ce. Da ganin san nan ka san bai sami kiwo ba. Irin shanun nan ne na ragwayen makiyaya, da yunwa suke tashi. Da fatar sa mai lafiya ce, da yanzu kuna yaba mini."

Hannuwa suka tsaya a sama. Jauro ya sauke nasa. Ya miƙa sandarsa ya jawo wani tsirin fata da ke yashe a ƙasa, ya shafa jan gashin da fararen ɗigon da babban yatsa. Ya ɗauki jelar ya juya ta. Ya daɗe yana kallonta.

"A hannuna aka haife shi," ya ce. "Uwarsa ta mutu, da ƙwarya na shayar da shi. Duk garken nan babu kamarsa, masu saye sun yi ta bina ina hana su. Ran kasuwar da ta wuce na kai shi Bebeji da kaina, na dawo ban iya cin tuwo ba. Na sayar da shi ne don in yi wa Furera gado da kwanuka, tunda na ji kuna tafe."

Baffa Mudi ya rufe fuska da hula.

Jauro ya miƙe, ya sa jelar a aljihu, ya dubi Baffa da Malam cikin girmamawa. "Kun sha hanya, Allah ya ba da lada. Ku koma da goronku kada ya bushe."

Ƙannensa suka fara naɗe tabarmi. A saman zana babu gyale ko ɗaya.

Baffa da kansa ya shiga sitiyari, Malam ya zauna a baya a kan tsakuwar gilashi bai ko share ba. Ɗantani ya kama hannun ƙofa, Baffa ya ce ya dakata. Ya zagaya ya zaro lanƙwasasshiyar lubar, ya ɗora masa a ka, ya koma ya tayar da mota.

Haka Ɗantani ya kamo hanyar Bebeji a ƙasa, rana tana ratsowa ta tsagogin lubar tana zane masa fuska. Can wajen gari wani mai keke ya rage gudu ya jera da shi.

"Malam, wannan abin na kanka, na mene ne?"

Ɗantani ya buɗe baki. Sai ya rufe, ya gyara kayansa, ya ci gaba da tafiya.